RUWAN DA MU KE ZUBARWA DA LEMON DA MU KE SAYOWA

'Yan'uwa talakawa, da ku 'yan kasuwa na Dutse da Shuwarin da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, yau maganarmu a kan abu biyu ce waɗanda ko wanenku ya san su, amma har yanzu ba mu ga alamar masu mulki sun haɗa su wuri ɗaya sun duba ba.

Na fari shi ne lemon zaƙin da ku ke kasawa a tebur da faranti. Ku tambayi ko wane ɗan sari inda kayan nan suka fito, zai gaya muku yawancinsu daga Binuwai ne, wajen su Gboko. Can a ke loda su a mota, a kwana a hanya, a sauke a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano, sa'an nan a sake lodi zuwa nan. Ko wane zango da kuɗinsa: na mota, na lodi da saukewa, la'adar dillali, da na masu tsare hanya waɗanda ba su san rasit ba. Ran 29 ga Mayu 2023 muna nan aka janye tallafin man fetur, kowa kuwa ya ga yadda kuɗin ɗauko kaya ya tashi daga ranar. Kafin buhu ya iso hannun ɗan kiri wani ya ruɓe, wani ya yamutse, ribar kuwa ta zube a kan titi.

Na biyu shi ne ruwan da ke fita ta rariyar ko wane gida: na wanka, na wanki, na wanke-wanke, na alwala. Ruwan nan ba kyauta muka same shi ba. Wani ya saya wajen ɗan garuwa jarka-jarka, wani ya bi layi a burtsatse tun asuba, wani ya aiki 'yarsa da ya kamata a ce tana aji. Da an yi amfani da shi sau ɗaya sai a sake shi ya bi lungu, ya kwanta a kwata, ya yi baƙi, ya tara sauro, mu koma mu sayi maganin zazzaɓi. Watau sau biyu mu ke biyan kuɗin ruwa ɗaya.

Abin da mu ke cewa shi ne a tara ruwan nan, a tace shi, a shayar da lambunan lemo da dabino a bayan gari, lambunan kuma su zama na talakawa. Za mu kawo hujjarmu dalla-dalla, wanda ke da amsa ya fito da ita a fili.

GARI YA GIRMA, KWATA TA GIRMA

Ran 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birni. Daga nan gine-gine suka tashi: sakatariya, gidajen ma'aikata, asibiti, Jami'ar Tarayya a 2011, sa'an nan filin jirgin sama. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Dutse mutum wajen dubu ɗari biyu da hamsin, yau kuwa ko makaho ya san an wuce nan nesa. Takur da Fagoji da Yalwawa da Danmasara duk sun cika sun batse.

To, garin nan a kan dutse ya ke, kamar yadda sunansa ya faɗa. Damina wata huɗu ce ko biyar, sauran shekara rani ne. In bazara ta yi, rijiyoyi su ja baya, ɗan garuwa ya ƙara kuɗi. Garin da ke cikin wannan hali bai kamata ya yar da ko ɗigo ba. Amma ku duba tsarin da aka yi mana. An zana tituna, an kafa fitilu, an yi shatale-tale, an gina magudanan siminti domin ruwan sama ya wuce da sauri. Ina aka tanadar wa ruwan gidaje? In akwai wurin da a ke tara shi a tace, a gaya mana unguwar, mu je mu gani da idonmu.

A watan Oktoba 2022 aka yi shelar cewa Jigawa ce jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili. Madalla, mu ma mun yi murna, domin talaka ne ya haƙa masan da hannunsa da kuɗinsa. Sai dai masai cika ta ke yi, sokawe ma cika ya ke yi. Sa'ad da motar kwasa ta zo ta zuƙe, ko masu kwasa da bokiti suka zo da dare, ina a ke kai abin? Wa ke bin su ya gani? In bayan gari a ke juye shi a rami ko a gefen fadama, ruwan sama na farko zai komo mana da shi. An karɓi takardar yabo an rataye a ofis, rabin aikin yana nan ba a taɓa ba.

GANI GA WANE

Wanda ke son ya ga ƙarshen garin da ya bar ruwan kwatarsa ba mai kula, ya tafi Kano ya bi rafin Jakara. Daga cikin birni ya ke fitowa ɗauke da dauɗar gidaje da ta mayanka, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har madatsar Wasai wajen Minjibir. A gefensa shekara da shekaru mutane ke noman latas da kabeji da karas da alayyahu, rani da damina. A kudancin birnin kuma masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin ruwa mai ɗauke da sinadarin kuromiyam a rafin Salanta da kogin Challawa. Kada wani Bajigawe ya ce wannan damuwar Kanawa ce. Kogin Challawa da kogin Kano su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil ya sauko Ringim. Abin da aka zuba can, nan ya ke kwana.

Ba mu ga laifin manoman Jakara ba ko kaɗan. Mutum ne ya ga ruwa a cikin rani, ya ga shuka na yin kore ba tare da ya sayi takin zamani ba, ya ga kasuwa a kusa, ga iyali suna jiran cefane. Shi ya riga injiniyoyin gwamnati gane cewa ruwan gari dukiya ne. Laifin na waɗanda aka ba amanar lafiyar jama'a ne, da suka bar shi yana tsoma ƙafa da hannu cikin ɗanyen ruwa, yana yayyafa shi a kan ganyen da za a ci ɗanye. In sun tuna da shi, sai dai su aiko a kore shi ko a ci shi tara.

Mun san abin da ƙazamin ruwa ke haifarwa: tsutsar ciki, taifot, atini, da amai da gudawa. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu uku, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Gawawwakin nan daga gidajen talakawa aka fitar da su. Dutse ba ta kai Kano ba tukuna, ba ta da tarin masana'antun da za su sa wa ruwanta guba. Saboda haka yanzu ne lokacin gyara, tun ran gini ran zane.

ABIN DA WAƊANSU SUKA YI

Kullum muka kawo shawara sai a ce mana mafarki mu ke yi. To, ga inda aka yi.

A ƙasar Tunisiya akwai wani wuri kusa da birnin Tunis, sunansa Sukra, mai lambunan lemo. Rijiyoyin manoman suka soma gishiri saboda yawan ja, itatuwa suka tasam ma mutuwa. A 1965 aka jawo musu tataccen ruwa daga matatar Sharkiya ta birnin, aka shayar da wajen kadada 1,200, lambunan suka tsira. Musulmi ne kamarmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, kuma sun yi wannan ne shekara tara kacal bayan samun mulkin kansu.

A Amurka, a jihar Fulorida, birnin Olando ya daɗe yana sakin ruwansa a rafi har hukuma ta hana. A 1986 suka soma tura tataccen ruwan ta bututu zuwa gonakin lemo na yammacin birnin. Masana aikin gona suka bi itatuwan shekaru suna aunawa, suka ga sun yi girma sun yi 'ya'ya yadda ya kamata. Daga baya gonakin lemon Fulorida sun ragu ƙwarai, saboda wata cutar itace da ta ɓulla a 2005 da kuma gine-gine da suka cinye filaye. A Sukra ma gari ya ci rabin lambunan. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A ƙasar Jodan kuma an haƙa manyan tafkunan tacewa a Samra a 1985 domin ruwan birnin Amman. Jama'a suka ƙaru, aka riƙa tura wa tafkunan ruwa fiye da ƙarfinsu, suka kasa, wari ya dami mutane, sai da aka gina sabuwar matata aka buɗe ta a 2008. Ruwan nan shi ke gangarawa ya haɗu da na madatsa a yi noma da shi a kwarin Jodan. Darasin da ke ciki shi ne a auna girman gari na gobe kafin a haƙa.

YADDA A KE TACE SHI

Kada kowa ya ruɗe ku da manyan kalmomi. Hanyar da ta dace da ƙasa mai zafi irin tamu ba ta bukatar lantarki. Tafkuna ne a jere, kamar kududdufai uku da aka haƙa da ma'auni aka daɓe gindinsu don kada ruwan ya tsiyaya ya ɓata rijiyoyi.

Ruwa ya fara bi ta raga, ta tare leda da tsumma. Sa'an nan ya shiga tafki na fari, mai zurfin mita uku ko fiye, inda dauɗa mai nauyi ke kwanciya ta ruɓe. Daga nan ya malala tafki na biyu, mai faɗi, zurfinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. A nan gansakuka ke tsirowa ta ba ruwan iska, ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye sauran dauɗar. Na uku ya fi su rashin zurfi, domin rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwan tsutsar ciki kuwa nauyi gare shi, in ruwa ya tsaya sai ya nutse ƙasa. Rana da fili su ne jarin aikin nan, Jigawa kuwa ba ta rasa ko ɗaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idodi a kan wannan a 1989, ta sake sabunta su a 2006. A ƙa'idar 1989, ruwan da za a ba itatuwa masu 'ya'ya ya kwana takwas zuwa goma a tafkunan, har ya zama ba a samun fiye da ƙwan tsutsa ɗaya a lita guda. A daina ban ruwa mako biyu kafin a tsinki 'ya'yan. Kada a tsinci wanda ya faɗo ƙasa a kai kasuwa. Kada a yi feshi ta sama, a kai ruwan gindin itace. Ganyen da a ke ci ɗanye kuwa an tsananta masa sharaɗi fiye da haka.

Kun ga dalilin da ya sa muka ce lemo. Latas a ƙasa ya ke kwance, ruwan na taɓa ganyen da za a sa a baki. Lemo yana sama, ruwa yana ƙasa, ga ɓawo mai kauri da a ke ferewa a yar. Ƙwayar cuta ba ta bin saiwa ta hau cikin ɗan itace. Bugu da ƙari, ruwan gari yana ɗauke da irin abincin shuka da mu ke saya a buhun takin zamani, saboda haka manomi zai rage sayen taki.

MAGANAR NAJASA

Mun san abin da wani zai ce a zaure: ashe lemon najasa za a ciyar da mu? Tambaya ce mai kyau, ta cancanci amsa.

Tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano da jakai su ke shiga birni, su cika mangala da shara da toka da kashin dabbobi, su kai gona. Da takin nan aka noma geron da ya ciyar da birni ɗaruruwan shekaru, ba wanda ya ce tuwon ya haramta. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa da launi da ɗanɗano da wari a ke gane halin ruwa. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukan garuruwan nan, an lissafa shukar da aka shayar da najasa cikin abubuwa masu tsarki. A 1978 kuma Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa cewa ƙazamin ruwa in an tace shi sarai, har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma na asali, ya tsarkaka. Mu ba mu ce a sha ruwan tafkin ko a yi alwala da shi ba. Itace za a ba. Duk wanda ke shakka ya tafi wurin malamin unguwarsu ya tambaya, muna maraba da hakan.

Abin mamaki, waɗanda za su fi ɗaga hanci su ce ƙazanta, su ne ba su taɓa tambayar da wane ruwa aka noma latas ɗin da ke kan teburinsu ba.

INDA HATSARIN YA KE

Ba za mu ɓoye muku aibin abin ba, domin ku ne za ku zuba guminku a ciki. Lemo itace ne mai tsantsani. Ba ya son gishiri, ruwan gari kuwa ya fi na rijiya gishiri. Ba ya son sinadarin boron, wanda a kan samu a waɗansu garin sabulun wanki. In abin ya yi yawa, bakin ganye ya ƙone, ganye ya zube, 'ya'ya su ƙanƙance. In kuma aka bar ruwa ya kwanta a jikin kututture, sai ɓawon ya tsage yana fid da ƙaro, itacen ya mutu a tsaye. Maganinsa a zaɓi ƙasa mai jigawa wadda ruwa ke wucewa, a yi wa ko wane itace kwari a kewaye nesa da gindi, a bar ruwan damina ya wanke gishirin da ya taru, a kuma dasa lemo mai aure a kan gindin da ke jure gishiri. Mai aure cikin shekara uku zuwa huɗu ya ke soma 'ya'ya. Inda ƙasa ta cika gishiri a sa dabino, domin ya fi lemo juriya nesa ba kusa ba, Dutse kuwa da dabino aka san ta.

Tafki yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya kashe gubar ƙarfe. Saboda haka ruwan asibiti, da baƙin man garejin makanikai, da ruwan batir, da na marina da majema, ko kusa kada su shiga. Ko wanne a yi masa nasa wurin. In aka yi sakaci da wannan, mun gina wa kanmu Jakara da kuɗinmu.

Wa zai riƙa auna ruwan? Ga Jami'ar Tarayya a cikin gari da malamai da ɗakunan gwaji. Ga tashar binciken dabino a nan Dutse. Ga reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa a Bagauda. Ga ma'aikatan gona da na tsabtace muhalli da a ke biya albashi ko wane wata. Masana ba su yi mana kaɗan ba. Wanda zai ce musu ku tashi ku yi, shi muka rasa.

GA LISSAFI

Wannan lissafinmu ne, kowa ya ɗauki alƙalami ya bi mu. Mu ƙaddara mutum dubu ɗari ne kaɗai ruwansu zai iso tafki, ko wanne yana amfani da lita 30 a yini, watau jarka ɗaya da 'yan kai. Lita miliyan uku ke nan. Mu zubar da kashi ɗaya cikin uku saboda wanda aka sha da wanda rana da ƙasa suka shanye. Saura miliyan biyu ko wace rana, har da tsakiyar bazara, domin mutane ba su daina wanka don rani ya yi.

In an dasa lemo da tazarar mita bakwai, kadada guda na ɗaukar itace wajen 200. Mu ba ko wane babban itace jarka goma a ranar zafi, lita 250. Kadada guda ta sha lita 50,000. Miliyan biyu ta shayar da kadada 40, itace 8,000. In aka ba ko wane magidanci itace ashirin, gida 400 sun sami abin dogaro, ban da masu tsinka, da masu kura, da 'yan kiri, da mata masu sayarwa a gida.

Ba mu ce wannan zai rufe hanyar Binuwai ba. Ba mu kuma ce gobe za a haɗa ko wane gida da bututu ba. A soma da inda ruwa ya riga ya taru wuri ɗaya: sakatariya, jami'a, makarantun kwana, rukunin gidaje irin na Gida Dubu, da masallatan Juma'a, waɗanda ruwan alwalarsu kusan tsabtatacce ne. In na fari ya yi kyau, Birnin Kudu da Kiyawa da Jahun su ɗauka.

LAMBUN NA WA?

Nan ne gizo ke saƙa. Ranar da ruwan kwata ya zama abin kuɗi, ranar za ku ga manyan riguna sun fito. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun Gwamna, ya ba wanda ya so, ya karɓe daga wanda ya so da sunan amfanin jama'a. Mun ga yadda a ke fassara amfanin jama'a. A Bakolori, wajen Talatar Mafara, an gama madatsa a 1978, manoma suka rasa gonaki, suka nemi diyya, a watan Afrilu 1980 aka amsa musu da harsashi. A nan gida mun ji kukan manoman Gagarawa da maƙwabtansu sa'ad da aka ware wajen kadada 12,000 domin noman rake na kamfani.

Saboda haka muna faɗa tun yanzu. Ruwan daga gidajen talakawa ya fito, da kuɗinsu aka saye shi, su suka sha warinsa da cizon saurensa shekara talatin. Ba za mu yarda da kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba. In za a karɓi gonar wani a haƙa tafki, a biya shi diyya kafin a sa diga, kuma shi ne na fari a rabon lambu. Filin lambun a rubuta shi a doka, kada bayan shekara goma a yanka shi fuloti-fuloti a raba wa 'yan gaban goshi, kamar yadda gari ya cinye lambunan Sukra.

Muna kuma jan kunne game da 'yan kwangila. Za su zo da zane mai kyalli, su ce tafki aikin ƙauye ne, a sayo injin daga waje mai cin lantarki dare da rana. Ku zaga jihar nan ku ƙirga tankunan ruwa da injinan da aka buɗe da kiɗa da tafi, yau akuya ke kwana a inuwarsu saboda an rasa man dizal ko wani ɗan ƙarfe. Injin da ya tsaya, ɗanyen ruwa zai riƙa turawa lambu ba wanda ya sani. Tafki kuwa ma'aikaci da cebur da lauje ke kula da shi. Sun fi son injin ne domin a nan kashi goma cikin ɗari ya ke.

KU 'YAN KASUWA

Maganar nan taku ce kafin ta kowa. Lemon da aka tsinka da safe a bayan gari ya iso tebur da hantsi ba ya ruɓewa a hanya, ba ya biyan kuɗin shingaye. Amma kun fi kowa sanin yadda jita-jita ke kashe kaya. Ranar da wani ya tsaya a tasha ya ce lemon kwata ne, ko kyauta kuka bayar ba mai karɓa. Abin da zai tsare ku shi ne gaskiya a fili: sakamakon awon ruwa a manne a ƙofar kasuwa ko wane wata, da Hausa, da boko da ajami, da sa hannun wanda ya auna. Ƙungiyarku ta sami wakili a kwamitin lambun, mai ikon ya ce a rufe famfo in awo ya ɓaci.

ABIN DA MU KE NEMA

1. Gwamnatin jiha ta bayyana wa jama'a inda a ke juye abin da aka kwashe daga masai da sokawe a Dutse, da sunan hukumar da ke lura da shi.

2. A keɓe fili a gangaren gari, nesa da rijiyoyin sha, domin tafkunan tacewa da lambuna, a auna shi da yawan jama'ar shekara ashirin masu zuwa.

3. A hana ruwan asibiti da na gareji da na marina da majema shiga magudanar jama'a.

4. Ruwan tafki na itatuwa ne. Kada a ba latas da kabeji sai awo ya nuna ya kai matsayinsu.

5. A raba lambun ƙanana-ƙanana ga masu gonakin wurin da marasa gona, ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, ba mai riƙe da muƙami ko ɗan gidansa a ciki.

6. A ba masu aikin takalman roba da safar hannu, da maganin tsutsar ciki a kan kari, da dashe mai aure a kan bashi har itace ya soma 'ya'ya.

7. A buga kuɗin kwangilar da sunan wanda aka ba a jarida kafin a soma aiki.

'Yan'uwa, ku kai maganar nan taron unguwa da na ƙungiyar kasuwa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kansila ko ɗan majalisa in ya zo gaisuwar suna ko ta'aziyya, ku tare shi da ladabi ku tambaye shi ina ruwan kwatar mazaɓarsa ke zuwa. Mai neman ƙuri'a in ya zo da atamfa da sabulu, ku ce masa kun gode, sa'an nan ya nuna muku inda ruwan sabulun zai bi. In ya amsa, ku aiko mana mu buga. In ya yi shiru, shi ma ku aiko mana mu buga.